Mun Yarda Da Askar Wanzami, Don Me Muke Tsoron Wuƙar Likita?

 Yau ba zancen kasuwa na zo da shi ba. Abin da ya faru a gidanmu ne, kuma na san yana faruwa a gidaje da yawa ana yin shiru.

Ɗan yayana ya sha wahala wurin haihuwa, don ya daɗe bai yi kuka ba, daga baya ma wuyansa bai tsaya da wuri ba. Tun yana jariri, da ya sha nono sai ya dawo da shi. Inna ta ce tumbuɗi ne, alamar ƙiba. To amma yaron nan ramewa yake yi. Yana gantsarewa yana kuka in an ba shi abinci, da dare kuma tari kamar zai shiɗe. Kafin ya cika shekara 2 sau 3 aka kwantar da shi saboda nimoniya.

Me muka yi? Abin da muka saba. Aka ce haƙori ne, aka ce baki ne, aka ce beli ne. Aka kira wanzami ya cire belin, yaro ya kwana yana zubar da jini, amai kuwa bai fasa ba. Muka koma kemis, yau wannan kwalba gobe waccan. Sai da abin ya ci tura muka kai shi asibitin koyarwa.

Ni aka tura na raka matar Yaya, don ba ta jin Turanci ko Yarabanci. Ga abin da na fahimta, a harshen ɗan kasuwa. Inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani nama mai tsukewa, kamar ɗaurin bakin buhu. In ɗaurin ya yi sako-sako, abinci da ruwan asid na tumbi sai su riƙa hawowa sama, su ƙona hanyar, abin da manya ke ji su ce ƙwannafi. Wani lokaci ma su faɗa huhu, wannan ne ya kawo tarin da nimoniyar. Yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wurin haihuwa sun fi fama da wannan.

A lura, kada wani ya karanta wannan ya ɗauki jaririnsa a guje. Yawancin jarirai suna tumbuɗi, ya fi yawa wajen wata 4, kuma mafi yawansu suna dainawa da kansu kafin su cika shekara 1 ko jim kaɗan bayan haka. Yaron da yake tumbuɗi yana wasa yana ƙiba ba ya buƙatar tiyata, sau da yawa ko magani ba ya buƙata. Abin dubawa shi ne ramewa, ƙin abinci, jini a cikin amai, shaƙewa da ciwon ƙirji mai dawowa. Amai kore kuwa, ko mai fita da ƙarfi kamar an buɗe famfo a makonnin farko na haihuwa, wata matsala ce daban, a tafi asibiti a ranar.

Kuma likitocin ba su fara da wuƙa ba. Sun ce a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a riƙe shi a miƙe kamar minti 30 bayan ya ci, a raba shi da hayaƙin taba. Suka ba shi omeprazole mai rage asid na watanni. A nan na ji cewa ranitidine da wasunmu suka saba saye, tun shekarar 2020 ƙasashe da dama suka janye shi daga kasuwa saboda wani sinadari da aka gano a ciki wanda ake zargin yana iya jawo kansa. Sai da duk wannan ya kasa, aka ɗauki hoto bayan ya sha wani farin ruwa, aka zura kyamara ta baki aka duba, sannan aka kawo zancen aiki.

Ranar da na kai wa Baba labari a rumfa, ajiye mudu ya yi ya ce, "Kai yaro ne. Ba za a farke min jika a ƙasar mutane ba. A kai shi gida." Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, a gidan ma in aka je babban asibiti aikin nan za su ce." Sati 3 muna kai da kawowa, sai da aka sake kwantar da yaron sannan ya ce a yi.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Nissen ne ya fara yin sa a 1955 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Ana ɗauko saman tumbi a naɗe shi a gindin hanyar abinci a ɗinke, kamar an ƙara wa bakin buhun nan igiya. Tun 1991 aka fara yin sa ta ƙananan huji da kyamara ba sai an tsaga ciki ba, inda akwai kayan aikin.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yana da nasa wahalar. Makonnin farko cikinsa kan kumbura don gyatsa ba ta fita sosai, haɗiya ta yi masa wuya, sai kunu da abinci mai laushi. An kuma gaya mana tun kafin a sa hannu cewa ɗinkin na iya kwancewa wata rana har a sake aiki, musamman ga yara irinsa. Kuɗi ma sun tafi, babur ɗin Yaya ya bi. Amma yau shekara guda ba mu kwana a asibiti ba, yaro ya yi kumatu, uwarsa tana barci.

Na san abin da wasu za su ce: an shiga da wane ɗakin tiyata bai fito ba. Gaskiya ne, ba aikin da ba shi da haɗari. Amma mu tambayi kanmu, yaushe aka kai shi? Mukan zauna sai yaro ya zama ƙashi da fata, sannan mu ɗora wa likita laifi. Kuma abin mamaki, mu da muka miƙa wa wanzami yaro ya sa masa ƙarfe a maƙogwaro ba allurar barci, ba a tafasa kayan aiki ba, mu ne ke tsoron wanda ya shekara da shekaru yana koyon aikin.

A ganina rabin tsoron nan na rashin jin magana ne. Uwa tana tsaye ana yare a kanta, a miƙo takarda a ce ta dangwala. Ko ni ne zan gudu. Don haka ina kira ga matasanmu da suka yi sakandare, mu riƙa raka iyayenmu mata asibiti mu yi musu tafinta. Mu tambaya ba kunya: an gwada magani har yaushe? Me zai faru in ba a yi aikin ba? Me zai iya biyo baya? Matambayi ba ya ɓata. Shugabanninmu na zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma, yadda ake haɗa kuɗi in gobara ta ci rumfa, a buɗe asusun marasa lafiya, kada a jira sai an zo ta'aziyya.

Wanda yake da irin wannan yaro a gida, don Allah ya kai shi a duba tun yana da ƙarfinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.

Naku a kullum, daga Sabo.