Ka Bar Ƙasa, Haraji Bai Bar Ka Ba

Ƴan uwa ɗalibai, a kwanakin nan duk inda ka zauna, a hostel ko a bakin ɗakin lacca, hirar ɗaya ce: wa ya samu biza, wa zai fita. Kanada ce a bakin kowa. To amma su ma ƴan Kanada fita suke yi neman aiki, kuma hawa jirgi ba ya raba su da harajin gida. Ni a ganina tsarin nan nasu daidai ne, kuma ya shafe mu.

A Kanada, zama ne ke ɗora wa mutum haraji, ba fasfo ba. Hukumar tara harajin ƙasar, CRA, abin da take fara tambaya shi ne: ina gidanka yake, ina matarka, ina ƴaƴanka? Bayan nan sai ta duba asusun banki, lasisin tuƙi da katin inshorar lafiya.

Mu ɗauki injiniya ɗan Toronto da ya samu aiki a Amurka da bizar TN, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar kasuwanci ta NAFTA ta 1994, kuma ake ba da ita har na shekara 3 kafin a sabunta. Iyalinsa suna Toronto, gidansa na nan. A wajen CRA wannan mutum bai tafi ko'ina ba. Dole ya bayyana duk abin da ya samu a ko'ina a duniya zuwa ranar 30 ga Afrilu, ga kuma takardun Amurka da akasari ake miƙawa zuwa 15 ga wata. Albashi ɗaya, hukumomi biyu.

Ba wai sau biyu zai biya ba fa. Ƙasashen biyu suna da yarjejeniyar haraji tun 1980, kuma Kanada tana rage masa abin da ya riga ya biya a Amurka, sai ya cika ragowar. Amma wanda ya tafi Dubai, inda ba a cire harajin albashi, ya bar iyali a gida, babu abin da za a rage masa. In kuma ya makara, tarar kashi 5 cikin 100 na bashin tana jiransa, da ƙarin kashi 1 kowane wata har wata 12.

Wani zai ce haba, ai wannan zalunci ne, gumin mutum a ƙasar wasu ina ruwan gwamnati? To, ƴaƴansa a makarantar wa suke karatu? In matarsa ba ta da lafiya, asibitin wa za ta je? Kuɗin haraji ne ke riƙe da su. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ba ya so, ƙofa a buɗe take: ya kwashe iyalinsa, ya yanke alaƙa. Ko a nan ma, ranar tafiyarsa za a ɗauka tamkar ya sayar da hannayen jarinsa, a karɓi haraji kan ribar.

Inda na ga gazawar tsarin shi ne babu ƙayyadadden adadin kwanaki da zai raba gardama; kowa da yanayinsa ake duba shi. Akwai fom NR73 na neman ra'ayin hukuma, amma ra'ayi ne kawai. Mai kuɗi zai ɗauki akanta, ƙaramin ma'aikaci kuwa sai ya yi ta lalube.

Me ya kawo wannan zance cikin mujallarmu? Sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ita ma tana duba mazauni da iyali, kuma tana bin abin da mazaunin ƙasa ya samu ko daga ina ne. Ke nan mai shirin fita kwantiragi, da mai zaune a ɗakinsa yana wa kamfanin waje aiki ta intanet ana biyansa da dala, duk maganar ta iso kansu.

Don haka kafin ka tambayi nawa ne albashin, fara tambayar wace ƙasa ce ke lissafa ka a matsayin mazauninta. Ka adana takardun albashi da rasit na duk harajin da aka cire maka. Ku kuma ƴan sashen akanta, wallahi ga fagen da za a nemi masana, ku buɗe ido tun yanzu.