Gyaran Makarantun Allo Sai Da Malamai

Bayan haka, maganar gyaran makarantun allo ta daɗe tana kai da komowa tsakanin hukuma da malamai. A shekarar 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka bi da gina irinta fiye da ɗari. Ba a jima ba da yawansu suka zama kango, gama ba a nemi shawarar alarammomin da yaran ke hannunsu ba, ba a kuwa tanadi abinci da albashi mai ɗorewa ba. A 2020, zamanin annobar korona, gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai suka mai da su garuruwansu, amma da cuta ta lafa da yawa suka komo. A 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilmin almajirai.

Abin lura a nan shi ne halin yaron kansa. Kolo ɗan shekara bakwai, mai koyon babbaƙu da farfaru, yana kama karatu da sauri, amma in ya yini bara da yunwa, hadda ba ta zama. A dā manoma ke ciyar da tsangaya, almajirai su taya malam noma da damina. Yau makarantu sun koma birane inda babu gona, watau tushen cimarsu ya yanke.

An ga wata hanya a Kano ƙarƙashin shirin ESSPIN, wanda Ingila ta tallafa wa. Aka zauna da malamai tukuna, aka tara yaran tsangayu makusanta su koyi lissafi da boko cikin sa'o'in da malaman suka yarda, aka kuma taimaki malaman da taki da iri. Karatun Alƙur'ani bai tsaya ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne uba ya bi ɗansa da guzuri, kada malam ya karɓi yaran da ba zai iya riƙewa ba, hukuma ta shawarce shi kafin ta aza tubali. Attajirai kuwa, sadakar da suke rabawa a ƙofar shago, da za a tara ta a dafa wa makarantar unguwa abinci, lalle bara ta ragu, su kuma sami yaran shago masu tsoron Allah da sanin lissafi. Allah Ya sa a dace, amin.