Waya Mai Gaɓoɓi: Amfaninta da Nakasunta ga Mutumin Birni

Duk wanda ya san unguwar Kabara, wadda ke daura da gidan Sarki a cikin birnin Kano, ya san cewa mutanen cikin ganuwa ba su saba yar da abu don kawai wani sashensa ya lalace ba. Katangar ƙasa in damina ta zaizaye ta, yaɓe ake yi mata. Takalmi in ya tsinke, baduku yana nan. Keke kuwa sai ya ga jikoki, domin yau a sake masa taya, gobe a sake masa sarƙa. Amma tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, wani sabon kaya ya shiga aljihun mutane, wanda ya fi duk waɗancan tsada, ya kuma fi su gajeren kwana. Wayoyin zamani da yawa an liƙe su da gam, an binne batirinsu a ciki, ta yadda lalacewar abu guda kan jawo asarar wayar ɗungurungum.

Wannan ne ya sa wasu masana ƙere-ƙere suka fito da wata irin waya wadda za a iya kira waya mai gaɓoɓi, watau wadda aka harhaɗa da sassa masu zaman kansu, kowanne ana iya kwance shi a ɗaura sabo. A wannan maƙala za a duba amfaninta da nakasunta, sannan a auna ko ta dace da ɗalibi ko malamin makaranta da ke zaune a wuri irin Kabara.

Darasi daga halittu

Masana ilimin halittu sun raba masu rai gida biyu ta fuskar ginin jiki. Akwai masu dunƙulallen jiki, kamar mutum da akuya da tsuntsu, waɗanda adadin gaɓoɓinsu ƙayyadadde ne, in ɗaya ta guntule ba ta dawowa. Akwai kuma masu jiki sashe-sashe, kamar itatuwa, waɗanda ke girma ta hanyar maimaita reshe da ganye da toho. A sare wa darbejiya reshe, kafin damina ta fita ta fid da wani. Manoma ma sun daɗe da cin moriyar wannan hali, shi ya sa ake samun mangwaro mai aure, inda ake ɗauko reshen iri mai daɗi a ɗaura a kan kututturen iri mai juriya.

Kowane tsari da ribarsa da kuma kuɗin da ake biya. Dabba ta sami sauri da ƙarfi saboda gaɓoɓinta a matse suke, suna aiki tare. Itace ya sami tsawon rai da sauƙin murmurewa, amma ba ya gudu. Wayar da aka liƙe da gam ta bi tsarin dabba: siririya ce, mai sauri, ruwa ba ya shiga cikinta da sauƙi. Waya mai gaɓoɓi kuwa tsarin itace ta bi. Wanda ya riƙe wannan misali zai fahimci duk abin da zai biyo baya.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 2013 wani matashi ɗan ƙasar Holan mai suna Dave Hakkens ya yaɗa wani zane da ya kira Phonebloks, na wayar da ake jera sassanta kamar tubali. A wannan shekarar ce kamfanin Motorola, wanda a lokacin yake hannun Google, ya sanar da shirin Project Ara don ƙera irinta. Shirin bai kai kasuwa ba, aka soke shi a 2016. A 2016 ɗin ne kuma kamfanin LG na Koriya ta Kudu ya fitar da G5, wadda ake zare gindinta a sauya da wani sashe, amma shekara guda bayan nan ya watsar da tsarin.

Wanda ya daure shi ne wani ƙaramin kamfani na birnin Amstadam mai suna Fairphone. A 2015 ya fitar da Fairphone 2, wadda ake kwance ta da ƙaramin sukurdireba, kuma ya ci gaba da sabunta manhajarta har 2023. A 2020 ya ba masu Fairphone 3 damar sayen sabuwar kyamara su ɗaura a tsohuwar wayarsu. Fairphone 5 ta fito a 2023 a kan Yuro 699, ta shida kuma ta fito a 2025 a kan Yuro 599, da alkawarin sabunta manhaja har 2033. Abin lura shi ne, masu burin a riƙa sauya kowane sashe yadda aka ga dama sun faɗi, wanda ya tsaya kan sauƙin gyara shi ne ya rayu.

Amfaninta

Amfani na farko shi ne tsawon rai. Abubuwan da suka fi kashe waya sanannu ne ga kowane mai gyara a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut: fashewar gilashi, lalacewar wurin caji, da mutuwar batir. Batirin litiyam yana tsufa ne da kowane caji, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, ga shi a Kano zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Saboda haka batirin da zai yi shekara uku a Turai zai iya gazawa kafin nan a nan. A waya mai gaɓoɓi, sauya batir aikin 'yan mintoci ne, ba sai an gasa bayan wayar da iska mai zafi an ɓamɓare gam ba.

Amfani na biyu ya shafi lafiyar jama'a da muhalli, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Afirka abin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sauran yakan ƙare a bola, ko a hannun 'yan gwangwan da ke ƙona wayoyin lantarki don fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin robar. Ƙarafa masu nauyi da ke cikin irin wannan shara ba sa ruɓewa kamar ɓawon ayaba. Ruwan sama kan wanke su zuwa kwata da kududdufi, daga nan su bi rafi irin Jakara, wanda ake noman rani na ganyaye a gefensa. Tsiro ya tsotsa, mutum ya ci, ƙarfen ya taru a ƙoda da ƙashi a hankali.

Haka kuma kowace sabuwar waya tana buƙatar a haƙo zinare da kuza da jan ƙarfe da kobal, wanda mafi yawansa daga ƙasar Kwango yake fitowa. Mutanen Arewa sun san abin da haƙar ma'adinai ba tare da kariya ba ke jawowa. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma lahanin ba ya warkewa ko da yaron ya rayu. Wayar da ta shekara shida maimakon uku ta rage rabin buƙatar haƙo ma'adinan da mai ita zai jawo. Bugu da ƙari, mafi yawan hayaƙi mai ɗumama duniya da ake dangantawa da waya, wajen ƙera ta ake fitar da shi, cajin da ake yi mata kullum ƙaramin kaso ne.

Amfani na uku na ilimi ne. Wayar da ake buɗewa tana koyar da mai ita. Ɗalibin da ya ga batir da kyamara da lasifika kowanne daban, ya ga yadda suke haɗuwa, ya daina ɗaukar na'ura kamar tsafi.

Nakasunta

Hausawa sun ce kowane allazi da nasa amanu. Nakasu na farko shi ne tsada. Yuro 599 a canjin shekarar 2025 ya haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan ma'aikaci mai wannan albashi ko ya tara na shekara guda cur bai taɓa ko kwabo ba, ba zai saye ta ba. Kuma da wannan kuɗi mutum zai sami wata wayar da ta fi ta saurin aiki da kyawun hoto, domin ƙaramin kamfani ba ya samun rangwamen da manya ke samu wajen sayen kayan haɗi.

Na biyu shi ne ƙura da ruwa. Duk inda aka bar mahaɗa don a iya kwancewa, an bar ƙofa. Akwai ma'aunin duniya na kariyar na'ura mai lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. Manyan wayoyin da aka liƙe da gam sukan kai IP68, watau ƙura ba ta shiga sam, kuma suna jure nutsewa a ruwa. Fairphone 5 da ta shida sun tsaya a IP55, watau ƙura kaɗan na iya shiga, kuma feshin ruwa kawai suke jurewa. Ga mai zama a garin da hazon hunturu ke rufe shi wata biyu ko uku a shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku, ba kowace gaɓa ce ke sauyuwa ba. Ƙwaƙwalwar wayar, wadda ke sarrafa dukkan ayyukanta, a manne take da babban allon ciki. Manhajoji kuwa kullum ƙara nauyi suke yi. Bayan shekara shida ko bakwai, ko da batir da gilashi sababbi ne, kututturen ya tsufa.

Na huɗu shi ne mafi girma ga mutumin Kano: ina kayan gyaran? Kasuwar Fairphone Turai ce. Mutumin Kabara da gilashin irin wannan waya ya fashe masa sai ya nemi wanda zai aiko masa daga waje da kuɗin ƙetare, alhali mai Tecno ko itel ko Infinix zai hau a-daidaita-sahu zuwa Farm Centre ya dawo da wayarsa a gyare kafin la'asar. Reshen aure ba ya da amfani in babu itacen da za a yanko shi. Ta wannan fuska, wayar da kowa ke riƙewa a Kano ta fi waccan gyaruwa, ko da yake ba don gyara aka ƙera ta ba.

Abin da ya kamata a nema

Idan aka auna waɗannan duka, hukuncin a fili yake. Sayen wannan waya ba shawara ce mai kyau ga ɗalibi ko malami a Kano ba a halin yanzu. Amma aƙidar da aka gina ta a kai ta cancanci a yi mata fafutika, domin Kano ta riga ta mallaki abin da Turai ke nema, watau dubban matasa masu hannun gyara. Abin da suka rasa shi ne kayan gyara na asali, da littafin bayanin kowace waya, da tsaron lafiyarsu daga hayaƙin dalmar da suke narkarwa a ƙananan shaguna marasa iska.

Akwai ma wata sabuwar matsala da ke tunkararsu. Wasu manyan kamfanoni, irin su Apple, suna ɗaure wasu sassa da lambar wayar da aka ƙera su dominta, ta yadda in an sa wani sai wayar ta nuna gargaɗi ko ta rage wani aiki. Abin ya yi kama da dashen ƙoda, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi a 2002, inda garkuwar jiki kan yaƙi sabuwar ƙodar don ta ga baƙuwa ce. Bambancin shi ne, garkuwar jiki halitta ce, wannan kuwa mutum ne ya shirya shi, kuma doka na iya hana shi. Jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar hana shi a 2024. Tarayyar Turai kuma, daga watan Yuni na 2025, ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta su tanadi kayan gyara har shekara bakwai bayan sun daina sayar da samfurin, su sabunta manhaja aƙalla shekara biyar, batirin kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa.

Babu abin da zai hana Nijeriya, wadda ke cikin manyan kasuwannin waya a Afirka, ta gindaya irin waɗannan sharuɗɗa. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ita ce ke amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi, hukumar NESREA kuma tana da ƙa'idojin sharar kayan lantarki tun 2011. Kamfanin da ya iya cika sharaɗi don mutumin Faransa zai iya cika shi don mutumin Kano, in an tilasta masa.

Kafin nan, akwai abin da makarantu za su iya yi. Malamin kimiyya zai iya tattara matattun wayoyi, a cire batiransu tukuna domin batirin litiyam in an huda shi yakan kama da wuta, sannan ɗalibai su buɗe su su zana abin da suka gani, kamar yadda ake feɗe kwaɗo a ɗakin gwaji. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya ajiye akwati don tara tsofaffin batura a wuri mai inuwa, maimakon a jefa su a kwata. Mai niyyar sayen waya kuma, kafin ya tambayi girman kyamara, ya fara zuwa wurin mai gyara ya tambaye shi abu uku: ko ana samun batir da gilashinta na asali, nawa ne kuɗinsu, kuma shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta manhajarta. Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna masa ko wayar shekara biyu zai saya ko ta shekara shida.