Abin da Ya Taɓa Hanci: Na'urar Numfashi Bayan Tiyatar Magudanar Hawaye

Hausawa kan ce abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi. Zumunci ake nufi da wannan karin magana, amma ilimin halittar jiki ya gaskata ta kai tsaye. Wanda ya sa kwalli da safe, sa'an nan ya fyace hanci ya ga baƙi a majina, ya riga ya ga shaidar cewa akwai hanya tsakanin ido da hanci. A kan wannan 'yar hanya ce magunguna biyu masu amfani kan yi karo, kuma sau da yawa majinyaci ba ya sanin haka sai bayan an sallame shi.

Hawaye yakan fito daga wani ƙulli da ke saman ido, ya wanke ƙwayar ido, ya shiga ƙananan ƙofofi biyu da ke bakin fatar ido ta wajen hanci. Daga nan sai ya taru a jakar hawaye, ya gangara ta wata magudana mai tsawon kimanin milimita 12 zuwa 18, ya zube cikin hanci. A bakin magudanar akwai wata tattarar fata da ake kira bawul ɗin Hasner, wadda ke aiki kamar ƙyaure: ruwa ya sauka, iska kuwa ba ta hawa. Shi ya sa mai lafiya kan fyace hanci iska ba ta fito masa ta ido ba.

Idan magudanar ta toshe, sai ido ya dinga zubar da ƙwalla da kwantsa, wani lokaci jakar ta kumbura ta tara mugunya. A shekarar 1904 wani likita ɗan Italiya, Addeo Toti, ya bayyana tiyatar da ake kira DCR a taƙaice. Akan huda 'yar taga a ƙashin da ke tsakanin jakar hawaye da kogon hanci, domin hawaye ya kewaye wurin da ya toshe. Aikin yakan yi nasara ga kimanin mutum 9 cikin 10. Sai dai sabuwar tagar ba ta da ƙyaure, domin an baro bawul ɗin Hasner can ƙasa.

Ciwo na biyu shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci. Tsokar maƙoshi takan saki, hanyar iska ta rufe, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, har sai ƙwaƙwalwa ta firgita mai barcin ya ja iska da ƙarfi. Idan hakan ya haura sau 30 a awa guda, ciwon ya yi tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya. A 1981 Colin Sullivan da abokan aikinsa a birnin Sidni na Ostareliya suka fito da magani: na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta cikin tiyo da takunkumin hanci, ta tokare maƙoshi ya kasance a buɗe har gari ya waye.

Iskar da ake turawa da ƙarfi kuwa kowace ƙofa ta samu bi take yi. Ga wanda aka yi wa DCR, takan bi ta sabuwar taga ta fito ta gefen ido. Majinyaci yakan ji huci ko fito a idonsa cikin dare, ya tashi da ido jajur, a bushe, yana raɗaɗi. A kwanakin farko, kafin rauni ya haɗe, iska na iya shiga ƙarƙashin fata ta kumbura fatar ido, ko ta tayar da haɓo. Abin ya fi tsanani ga wanda aka sa wa bututun gilashi na Jones, domin shi a buɗe yake daga ido zuwa hanci.

A nan ne ake tafka babban kuskure. Raɗaɗin ido ana jin sa nan take, amma tsayawar numfashi mai ita ba ya ji, domin barci yake yi. Saboda haka sai majinyaci ya naɗe tiyo, ya tura na'ura ƙarƙashin gado, ya yi shiru. Alhali kuwa na'urar ba ta warkar da ciwon, riƙe shi take yi; da zarar an ajiye ta, yakan dawo cikin 'yan darare. Tare da shi akwai hawan jini, da haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, da gyangyaɗi a kan sitiyari. Gyara ido a bar numfashi gyaran gangar Auzinawa ne. Haka nan ƙin tiyata don tsoron iska, a zauna da jakar da ke ta yin mugunya, ba hikima ba ne.

Abin da ya kamata shi ne a warware maganar tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Wajibi ne likitan ido ya tambayi majinyaci ko yana kwana da na'ura, majinyaci kuma ya faɗa ko ba a tambaye shi ba. Likitan ido da likitan barci da mai ba da maganin sa barci su ne za su tsayar da kwanakin da za a huta da na'urar, gwargwadon tsananin ciwon da irin aikin da aka yi. A cikin kwanakin hutun, akan shawarci majinyaci ya kwanta ta gefe, ya ɗaga kansa da matashi, ya guji ƙwayoyin barci, domin suna ƙara sakin maƙoshi.

Bayan rauni ya warke ma akwai mafita. Akwai takunkumi mai rufe fuska duka har da idanu, wanda ke daidaita ƙarfin iska ciki da waje, ta yadda ba ta da dalilin bi ta taga. Likita na iya rage ƙarfin iskar, ko ya sauya na'ura mai daidaita kanta. Man shafawa na ido yakan rage bushewa. Ga mai ciwo marar tsanani kuma akwai abin da ake sawa a baki, ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da majinyaci zai yanke wa kansa.

Wani zai ce wannan matsalar masu hali ce, tunda na'urar na da tsada kuma tana buƙatar wutar lantarki dare ɗungum. Gaskiya ne masu ita ba su da yawa a ƙasar Hausa. Amma ciwon kansa yana nan a gidaje da dama, an lulluɓe shi da sunan minshari ana dariya. Ɗalibin da ya lura mahaifinsa na minshari, ya yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan ya zabura yana haki, ya ga alamar da ya kamata a kai wa likita.

Ga malaman ilimin halitta kuwa, littafin makaranta ya raba ido da hanci da maƙoshi babi-babi, asibiti ma ya raba su sashe-sashe, amma jikin da ke ɗauke da su guda ne. Malamin da ya zana hanyar hawaye a allo, ya tambayi ɗalibansa abin da zai faru idan aka cire ƙyauren, ya koya musu irin tambayar da ya kamata su yi ranar da suka raka wani nasu asibiti.