Kafin Ka Ba da Ajiyar Kuɗinka, Nemi Ka Gani da Idonka

Wanda duk ya tara ɗan abin hannunsa, ko daga noman rani a Jiratawa, ko daga su a tafkin Madarunfa, ko daga fatauci tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, yakan wayi gari da tambaya guda: ina zan ajiye kuɗin nan, kuma wa zan ba amanarsu? A ƴan shekarun nan tambayar ta ƙara nauyi, domin masu neman a ba su ajiya sun daina jiran a je wurinsu. Ta cikin salula suke iske mutum har ɗakinsa.

Abin da ya faru a maƙwabta

A watan Afrilu na 2025 wani tsari da ake kira CBEX ya rushe a Nijeriya. Masu shi sun yi ta yi wa jama'a alkawarin ninka musu kuɗi cikin kwana 30. Rana ɗaya aka nemi cire kuɗi, abin ya gagara. Daga baya hukumar da ke lura da kasuwar hannun jari ta ƙasar ta bayyana cewa ba su da rajista a wurinta. Kafin wannan an yi MMM, wanda wani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Mavrodi, ya ƙirƙiro. Shi kuwa alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata ya yi, sa'an nan a Disamba 2016 ya rufe hanyar cire kuɗi.

Wannan labari ya shafe mu, domin gundumar Madarunfa tana kan iyaka da jihar Katsina. Kasuwanninmu a haɗe suke, danginmu a haɗe, kuma saƙon WhatsApp ba ya tsayawa a bakin iyaka.

Yadda tarkon yake aiki

Irin wannan tsari ba ya noma, ba ya kiwo, ba ya saye da sayarwa. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake ɗiba a biya waɗanda suka shigo jiya, a ce musu riba ce. Na farko sukan samu, su kuwa su jawo ƴan uwansu da zuciya ɗaya. Saboda haka sau da yawa wanda ya kawo maka labarin ba maƙaryaci ba ne, shi ma ruɗarsa aka yi. Ranar da sababbin shiga suka ragu, ranar asiri yake tonuwa.

Ɗauki alƙalami ka yi wannan lissafi. In jika 10 tana ninkuwa kowane wata, bayan wata ɗaya ta zama jika 20, bayan wata biyu jika 40. Ci gaba da ninkawa har wata 12, za ka tarar ta haura miliyan 40 na sefa. Wace sana'a ce a duniya take haifar da haka? Da akwai ta, mai ita ba zai zo neman jikarka goma ba. Magabata sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Darasin da ya fito daga jiharmu

Maganin wannan cuta ba daga nesa yake ba. A 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da matan karkara suka soma tsarin Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne da iyayenmu mata suka sani tun da can, sai aka ƙarfafa shi da ƙa'idoji. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Dubi yadda asusun irin wannan ƙungiya yake tafiya. Mata kamar 25 ko 30 ne suke zaɓen junansu. Kowane mako suna taruwa, kowace ta yi zubi a gaban kowa. Akwatin kuɗin na ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Mata uku dabam suke riƙe makullan, wata ta huɗu take ajiye akwatin a gidanta, ita kuwa ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a bainar taro. Ana ƙidaya kuɗi da babbar murya. Wadda za ta ci bashi, a gaban kowa take karɓa, kowa ya ji nawa ne da ranar biya. In zagaye ya cika, galibi cikin shekara, sai a fasa asusu a raba.

A farkon tafiyar yawancin matan ba su iya karatu ba. Da ka suke riƙe lissafi: kafin a watse a faɗi abin da ya rage a akwati, mako mai zuwa a sake tambaya kafin a buɗe. Shin kwaɗo uku na nufin ana zargin ma'ajiya da sata? Ko kusa. Kwaɗon nan kariya ce gare ta, domin ba mai iya ɗora mata laifi, kuma ba mai iya matsa mata ta ba shi rance a ɓoye, ko da mijinta ne. Amanar da ta daɗe ita ce wadda kowa yake iya dubawa. Gani ya kori ji.

Manyan gidajen kuɗi fa?

Akwati ba ya ɗaukar kowace buƙata. Wanda jarinsa ya ƙaru zai nemi banki ko gidan ajiya da lamuni. Su ma doka ta sa musu nasu kwaɗon. Babban bankin BCEAO, wanda yake da reshe a Maraɗi, yana cikin masu sa ido a kansu, kuma a 2007 Nijar ta kafa hukumar ARSM domin lura da ƙananan gidajen ajiya da lamuni. Ba wanda yake da ikon karɓar ajiyar jama'a sai da izinin hukuma.

Amma kada ka ɗauka babban gini ko babban suna sun isa shaida. Manyanmu suna tune da BDRN, bankin gwamnati, wanda aka rufe a 1990 bayan basussukan da ba a biya ba sun yi masa katutu. Inda ake ba da bashi don sanayya, masu ajiya ba su gani ba, ba su ji ba, ƙarshen abin kuka ne.

Tambayoyi biyar kafin ka miƙa kuɗi

1. Ina takardar izininku, kuma wace hukuma ce ta ba ku? Nemi a nuna maka, ka rubuta lambarta.
2. Wace sana'a za a yi da kuɗina? In an kasa bayyana maka da Hausar da za ka gane, ka ja da baya.
3. Mutum nawa ne suke sa hannu kafin kuɗi su fita? Inda mutum ɗaya ne mai karɓa, mai rubutawa, mai ajiyewa, akwati ne marar kwaɗo.
4. Yaushe zan iya cire kuɗina, kuma nawa za a yanke?
5. Wace shaida zan riƙe? Kowane zubi a rubuta shi a littafinka, da kwanan wata da sa hannu.

In aka ce maka riba tabbas ce babu hasara, ko aka ce ka gaggauta kafin gobe, ko aka ce ladarka tana ga yawan mutanen da ka kawo, ko aka ce kada ka faɗa wa kowa, to ka riƙe kuɗinka. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Amfanin karatunka

A nan ne zamanka a ajin yaƙi da jahilci yake biyanka. Wanda ya iya karanta lambobi ba a rubuta masa 5,000 a ce masa 50,000 ne. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. In ta Faransanci ce, kai ta wurin malaminku ko wani da ba shi da rabo a cinikin, ya fassara maka. In kana cikin ƙungiya, ka halarci babban taro, ka nemi a karanto lissafin shekara a gaban kowa. Wannan haƙƙinka ne, domin guminka ne a ciki.

A zamanku na gaba, ku kawo littafin asusun ƙungiyarku aji. Ku karanta shafin wannan wata tare, ku haɗa lissafin da kanku, sa'an nan ku gwada shi da abin da ke cikin akwati.