Kwamfenseta: Tana Danne Bakin Bindiga, Ba Ta Kashe Naushi

A wannan makon karatuna na injiniyanci ne ya ja ni zuwa ga wani ɗan ƙarfe da mazauna Amurka ke yawan cin karo da tallarsa a YouTube, wato kwamfenseta, wadda ake ɗaurawa a bakin ƙaramar bindiga. Masu talla suna cewa tana kashe naushin da bindiga ke yi wa hannu. Lissafi bai ba su gaskiya gaba ɗaya ba.

Abu biyu ke faruwa idan aka ja kunama. Na farko, bindiga tana komawa baya gwargwadon abin da ta tura gaba, dokar Newton ta uku ke nan da muka haddace a sakandare. Na biyu, bakinta yana ɗagawa sama, domin bututun yana saman hannun da ya riƙe ta, sai turin ya lanƙwasa wuyan hannu. Kwamfenseta tana da ƙofofi a samanta. Hayaƙin albarushi mai zafi da ke biye da harsashi yana fita ta nan zuwa sama, shi ne yake danna bakin ƙasa. Dabarar tsohuwa ce: tun 1926 ake sayar da bindigar Thompson da irin wannan ƙarfe mai suna Cutts.

To, nawa take ragewa? Mu ɗauki harsashin 9mm da aka fi amfani da shi. Nauyinsa kusan giram 7.5 ne, yana fita da gudun kimanin mita 360 a daƙiƙa. Albarushin da ke tura shi bai kai rabin giram ba. Ko da hayaƙin ya fi harsashin gudu da ninki ɗaya da rabi, kasonsa a cikin turin bai kai 10 cikin 100 ba. Kwamfenseta kuwa da hayaƙin kaɗai take aiki, ba ta da iko a kan harsashin. Don haka naushin yana nan, ɗan kaɗan ne ya ragu.

Inda take nuna amfaninta shi ne ɗagawar baki. Tana zaune a can ƙarshen bututu, nesa da wuyan hannu, kuma ƙaramin ƙarfi daga nesa yana aiki sosai, kamar yadda dogon sifana ke kwance notin da gajere ya kasa. Shi ya sa 'yan gasar harbi ta IPSC, a rukunin da ake kira Open, suke zaɓen harsashi irin .38 Super mai yawan albarushi. Da gangan suke ƙara hayaƙi don ƙarfen ya sami abin aiki, saiti ya dawo da wuri, harbi na biyu ya bi na farko.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Ƙarar 9mm tana kusan desibel 160, alhali abin da ya haura 140 yana iya lalata ji nan take, kuma kwamfenseta tana ƙara maido da ƙarar wajen mai harbi da na gefensa. Wuta tana tashi a gaban ido idan akwai duhu. Nauyinta a kan bututu yana iya sa bindiga ta kasa fitar da kwanso.

Abin da ya fi shafarmu shi ne doka. Dokar tarayya ta Amurka ta hana mai bizar wucin gadi, har da ɗalibi mai F-1, riƙe bindiga ko harsashi, sai da wasu keɓaɓɓun sharuɗɗa kamar lasisin farauta mai aiki. Idan abokan aji suka gayyace ka filin koyon harbi, ka fara tambayar lauya, don laifin yana iya cinye bizarka da karatunka. A Kalifoniya, ko ɗan ƙasa ne, fistol mai zaren noti a baki, irin wanda ake ɗaura kwamfenseta a kai, ta shiga sahun makaman da aka hana. A Birtaniya kuwa tun 1997, bayan kisan yara a Dunblane, aka haramta kusan dukkan ƙananan bindigogi.

Allah Ya tsare mu a ƙasar mutane. Sai mako mai zuwa.