Wa Ya Ce Mako Biyu Ya Ishi Ɗan Kwalejin Al'umma?

A Amurka akwai wata magana da aka maimaita har ta zauna daram: wai fita wata ƙasa a yi zangon karatu guda abin 'yan jami'a ne, masu shekara huɗu a gabansu da iyaye masu biya. Shi kuwa ɗalibin kwalejin al'umma, mai shekara biyu, ya yi ta kansa, ya karɓi takardarsa ya nemi aiki. Idan ana son kyautata masa, sai malami ya kwashe su lokacin hutu, kwana goma ko mako biyu, a nuna musu Roma ko Landan ta tagar bas, a dawo da su. Masu wannan ra'ayi suna kiran sa tausayi da sanin ya kamata. Ni dai raini nake gani a cikinsa.

Waɗannan kwalejoji ba ƙananan abu ba ne. Tun daga ta Joliet da aka buɗe a jihar Illinois a 1901, sun zama ƙofar da talakan Amurka ke shiga ilimi mai zurfi. Kusan duk wanda ya gama sakandare ana ɗaukarsa, kuma kuɗin makaranta na shekara yana wajen dala 4,000 ga ɗan yankin. A nan ake horar da ma'aikatan jinya da 'yan kwana-kwana da masu walda da masu gyaran injuna, wasu kuma su wuce jami'a su ƙarasa digiri. Fiye da kashi 30 cikin 100 na ɗaliban gaba da sakandare da ba su kai ga digirin farko ba a can suke. Wanda ya san irin kallon da ake yi wa mai HND a gaban mai digiri a Najeriya ya riga ya fahimci matsayinsu.

To ga lissafi. A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, kafin korona ta rufe hanyoyi, rahoton Open Doors na cibiyar IIE ya ƙirga ɗaliban Amurka kimanin 347,000 da suka yi karatu a waje. Na kwalejojin al'umma a cikinsu ba su kai 8,000 ba. Mutanen da suka haura kashi 30 sun tashi da kashi 2 da 'yan kai, kuma akasarin waɗannan ma gajeruwar tafiyar ce suka samu.

Sai a ce ai ɗaliban ne ba sa so. Yaushe aka tambaye su? A manyan jami'o'i akwai ofishi sukutum da ma'aikata da ke bin ɗalibi tun shekararsa ta farko suna kwaɗaita masa Faransa da Sifaniya. A kwalejoji da yawa kuwa, malami ɗaya ne ke riƙe da aikin a gefen koyarwarsa, wasu ma babu kowa. Ba a gaya wa mutum akwai hanya ba, sannan a rubuta cewa ya ƙi bi.

Sai a ce kuɗi. A nan akwai ƙamshin gaskiya, amma ba inda ake nunawa take ba. Dokar Amurka ta yarda ɗalibi ya tafi da tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya ke bai wa 'ya'yan marasa ƙarfi, muddin makarantarsa ta amince da karatun da zai yi a waje. Ga kuma tallafin Gilman, da majalisa ta kafa da dokar 2000 musamman don masu karɓar Pell, yana kaiwa dala 5,000, da ƙari ga mai koyon harsuna irin su Larabci ko Sinanci. Tikitin jirgi da fasfo ba su ne ke karya gwiwa ba. Abin da ke karya ta shi ne albashin wata huɗu da za a rasa, da kuɗin hayar da ba ya jira, da yaran da ba a san wa za a bar wa ba. Kusan biyu cikin uku na ɗaliban nan karatu suke haɗawa da wasu hidimomi, ba sa ɗaukar cikakkun kwasa-kwasai, kuma da yawa iyaye ne. Uwa mai goyo da aikin dare ba za ta tafi Kosta Rika wata huɗu ba, kuma ba wanda zai ce dole. Amma ko an cire duk irinta, saura ɗaruruwan dubban matasa 'yan shekara 18 zuwa 21 da ke zaune a gidan iyayensu. Su me ya hana su? Ana ɗaukar uzurin wasu a rufe ƙofa ga kowa.

Tsadar ma rabinta zaɓi ne. Idan kwaleji ta miƙa shirin ga kamfani, kamfanin kuma ya ce Landan ko Florence, zango ɗaya zai iya haura dala 10,000, sai kowa ya ɗaga hannu ya ce ba ga shi ba. Wa ya wajabta Landan? Jami'ar Ghana da ke Legon ta daɗe tana karɓar ɗaliban Amurka. Meziko tana makwabtaka. Ɗalibar jinya da za ta yi aiki a asibitin Texas ko Kalifoniya, a ƙasar da mutum fiye da miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gida, ta fi ɗan ajin tarihin zane-zane buƙatar zaman wata huɗu a garin da ba a jin Turanci. Shi zai dawo da hotuna da labari. Ita za ta dawo tana iya tambayar tsohuwa ina ke mata ciwo ba tare da an kira jikanta ya yi tafinta ba.

Wannan kuwa mako biyu ba ya bayarwa. A mako biyu mutum baƙo ne, ana ɗauke masa komai, abokan ajinsa na gida ne a hagu da dama. Sai wajen mako na biyar abin ke farawa: zazzaɓi ya kama shi ya nemi kantin magani da kansa, ya saɓa da matar gidan da ya sauka su shirya, ya ɓata a tasha, ya zauna jarrabawar malamin da bai san daga ina ya fito ba kuma bai damu ba. Da Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ba leƙe yake nufi ba.

Turawan Turai ba su ɗauka cewa mai sana'ar hannu ba ya buƙatar wannan ba. Shirin Erasmus da aka fara a 1987 don 'yan jami'a ya faɗaɗa, har akwai reshensa na ErasmusPro da ke tura masu koyon sana'a wata ƙasa na wata 3 zuwa 12. Yaron da ke koyon gyaran lantarki a Fotugal yana iya yin rabin shekara a masana'antar Jamus da kuɗin Tarayyar Turai.

Mu ma abin ya shafe mu ta wata fuska. Shekaru masu yawa, har zuwa 2011 da matsalar tsaro ta sa aka dakatar, Jami'ar Boston tana tura ɗalibanta Yamai su yi zango guda suna koyon Hausa da Zabarmanci. Jami'a ce mai zaman kanta, mai tsada. Irin waɗannan ne ke sanin mu, su ne kuma ake tambaya idan an zo maganar Afirka. Ɗan direban babbar mota daga Ohio, wanda ya san mene ne jiran albashi, da wuya ya taɓa samun irin wannan zaman a cikinmu.

Tsoro ɗaya da nake girmamawa shi ne na kiredit, wato makin kwasa-kwasan da ɗalibi ya riga ya ci. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya gano a rahotonsa na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Wanda ake ƙi karɓar kwas ɗin da ya yi a gari na gaba yana da hujjar shakkar wanda zai yi a Sabiya ta Sifaniya. Sai dai wannan ciwo a ofishin rajista aka haife shi, a can kuma maganinsa yake. Kwalejojin Illinois sun haɗa kai a ƙarƙashin ƙungiyar ICISP, suna tura ɗalibai zango guda zuwa Canterbury da Salzburg da Sabiya. Kwalejin da ke da mutum biyu masu son tafiya ba sai ta buɗe ofishi ba, sai ta haɗa su da na makwabta. Kwasa-kwasan an tantance su tun kafin a tashi, kuma sakamakon yana fitowa ne da sunan kwalejin Illinois, yadda jami'ar da ɗalibin zai koma gobe ba ta da bakin cewa ba ta san makarantar ba.